Labarin Jirgin Yaƙi Mai Suna Ashanti

Cikin watan Fabrairu na shekarar 1939 wani sabon jirgin yaƙi na Ingilishi ya shiga tashar Takoradi, a ƙasar da a ke kira Gwalkwas a lokacin, watau Gana ta yau. Sunan jirgin Ashanti. Wata biyu ke nan da fitowarsa daga hannun maƙera, kuma ba abin da ya kawo shi sai gaisuwa, gama an ce zumunci a ƙafa ya ke. Ya zo ne ya ga mutanen da aka sa masa sunansu, watau Tonawa, kamar yadda Hausawa ke kiransu tun zamanin fataucin goro. Sarkinsu, Asantehene Prempeh na Biyu, ya yi wa jirgin kyautar ƙararrawa ta azurfa da garkuwa ta zinariya. Jama'a suka yi ta hawa suna kallo, waɗansu har suka bar masa layu na tsari.

Wanda ya san tarihin wannan ƙasa zai ga abin mamaki a nan. A 1874 Ingilishi suka ƙone birnin Kumasi, cikin rundunonin da suka tafi yaƙin kuwa har da Hausawan da Kyaftin Glover ya ɗauka soja. A 1896 suka kama Prempeh na Farko, suka kai shi Saliyo, daga can suka wuce da shi tsibiran Seshel, bai sake ganin gida ba sai 1924. A 1900 aka sake gwabzawa, saboda wani Gwamna ya nemi a kawo masa kujerar zinariya ta Tonawa. Sai a 1935 aka mayar musu da sarautar Asantehene. Ga shi shekara huɗu kacal bayan haka, mai riƙe da sarautar yana ba jirgin Sarkin Ingila garkuwa. Kowane sashe da abin da ya ke so. Ingilishi sun hango yaƙi tafe, suna bukatar mutanen ƙasashen da ke hannunsu. Tonawa kuwa sun ga an ɗaukaka sunansu bayan an daɗe ana ƙasƙantar da shi.

Kafin mu bi jirgin nan cikin tafiye-tafiyensa, ya kamata mu san ko wane iri ne. Jiragen yaƙi na ruwa, waɗanda Hausawa ke kira manuwa, iri-iri ne. Akwai manya ƙwarai masu sulken ƙarfe da manyan igwogi. Akwai matsakaita waɗanda a ke kira kuruza. Akwai masu goyon jiragen sama a bayansu. Sa'an nan akwai ƙanana masu sauri, waɗanda Ingilishi ke kira distiroya, watau mai hallakarwa. Ashanti cikin waɗannan na ƙarshe ya ke.

Aikin distiroya ya yi kama da na 'yan rakiyar ayari. Dā, in fatake za su Gwanja daga Kano, ba mai tafiya shi kaɗai. A kan taru a yi ayari, madugu ya shugabance su, masu kwari da baka su bi ta gefe saboda 'yan fashi. To, haka jiragen kaya suka riƙa yi a teku lokacin yaƙin Hitila. 'Yan fashin teku su ne jiragen Jamus masu nutso, waɗanda ke laɓewa ƙarƙashin ruwa su harbo tofido, wata doguwar nakiya mai inji a gindi, wadda ke gudu cikin ruwa har ta fasa cikin jirgi. Distiroya yana da wata na'ura mai aika ƙara cikin ruwa. In ƙarar ta bugi ƙarfe ta komo, sai a san akwai abokin gāba a ƙasa, a ruga kansa, a zuba masa gangunan nakiya. In jiragen sama ne suka zo, a juya musu igwa. In babban jirgi ya nutse, distiroya ne ke tsamo mutane.

Kada a ce wannan labarin mutanen bakin teku ne kaɗai. Gyaɗar Kano da kuzar Jos ta ruwa suka riƙa tafiya Ingila. Tun daga watan Satumba na 1940 a kan kawo jiragen sama cikin akwatuna Takoradi, a haɗa su, su tashi su bi ta Ikko da Kano da Maiduguri da Hartum har Masar, kafin ƙarshen 1943 fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Sojojinmu da suka tafi Bama a 1943 da 1944 su ma a jirgin ruwa suka tafi. Da ba 'yan rakiya, da ba ɗaya daga cikin waɗannan da zai yiwu.

An ƙera Ashanti a garin Dumbarton, bakin kogin Clyde a ƙasar Sikotilan, a ma'aikatar William Denny. An soma aikinsa a watan Nuwamba na 1936, aka tura shi ruwa ran 5 ga Nuwamba 1937, aka gama shi a watan Disamba na 1938. Tsawonsa ƙafa 377, nauyinsa ya kusa tan 1,900, gudunsa kamar mil 40 cikin sa'a guda. Yana da manyan igwogi 8, bibbiyu a wuri huɗu, da bututun harba tofido 4, mutanensa kuwa wajen 190. Dalilin ƙera irinsa shi ne, Ingilishi sun ga Japan da Italiya da Jamus suna yin distiroya manya masu igwa da yawa, suka ji tsoron kada a fi ƙarfin nasu. Saboda haka suka ƙera guda 16 iri ɗaya, suka sa wa kowane sunan wata kabila. Shida sun sami sunayen mutanen Afirka: Ashanti, da Somali, da Zulu, da Nubian, da Matabele, da Mashona. Mai karatu ya riƙe wannan lissafi na 16, za mu komo kansa.

Aikinsa na farko mai nauyi ba na yaƙi ba ne. A watan Yuni na 1939 wani sabon jirgi mai nutso na Ingilishi, Thetis, ya nutse wajen gwaji kusa da Libaful, ya kāsa tasowa. Aka aika da Ashanti da 'yan'uwansa su yi ceto. Suka tarad da wutsiyar jirgin a waje, amma ba a sami hanyar fid da mutanen ba. Huɗu kaɗai suka tsira, 99 suka mutu a ciki. Bayan wata uku yaƙi ya tashi.

A watan Afril na 1940 Jamus ta fāɗa wa ƙasar Norwe, Ingilishi suka kai gudummawa. Bakin tekun Norwe duk lunguna ne masu zurfi tsakanin duwatsu, jirgi ba shi da filin kaucewa, jiragen saman Jamus kuwa suka yi ta ruwan bom. Nan aka fara gane cewa igwogin irin su Ashanti ba su iya ɗaga baki sama sosai, saboda don harbin jiragen ruwa aka yi su. Biyu daga cikin 16, Gurkha da Afridi, can suka halaka. Ashanti ma bom ya fāɗi dab da shi ya yi masa ɓarna, amma ya komo gida. Daga baya aka cire igwa biyu daga cikin 8, aka sa masu harbin sama a gurbinsu.

Mugun raunin da ya fi kowane, ba abokan gāba suka yi masa ba. Ran 17 ga Oktoba 1940 wata sabuwar babbar manuwa, King George V, ta fito daga kogin Tyne inda aka ƙera ta, aka sa waɗansu distiroya su wuce gaba da gudu don tsoron nakiyoyin da Jamus ke shukawa a ruwa. Dare ne, ga yayyafi, ba a ganin gaba. Sai wani mai suna Fame ya hau kan duwatsu kusa da garin Sunderland, Ashanti na biye da shi, ya buge shi, shi ma ya kafe. Tsautsayi ba a sa masa rana. Igiyar ruwa ta yi ta buga shi da dutse kwana da kwanaki, sai da aka sauke masa kaya masu nauyi kāna aka iya jawo shi. Gyaransa bai ƙare ba sai watan Agusta na 1941.

Ko da ya fito, yaƙi ya sake kama. Jamus ta fāɗa wa Rasha ran 22 ga Yuni 1941, Ingila da Amurka suka ɗauki alkawarin aika wa Rasha makamai. Hanyar da ta fi kusa ita ce ta can arewacin duniya, a zaga bayan Norwe zuwa tashoshin Murmansk da Arkhangelsk. Mutumin da iyakar sanyin da ya sani shi ne na hunturu, da wuya ya gane halin wannan teku. Ruwan da igiya ta watso kan jirgi nan take ya ke daskarewa, sai an bi da gatari ana sarewa don kada nauyin ƙanƙara ya kifar da jirgin. Wanda ya fāɗa ruwa, 'yan mintoci kaɗan sanyi ya kashe shi. Da sanyi rana ba ta fitowa sam, da zafi kuwa ba ta fāɗuwa, jiragen saman Jamus su yi ta zuwa ba dare ba rana. A watan Janairu na 1942 aka harbi Matabele a can, cikin mutanensa fiye da 200 biyu kaɗai aka tsamo da rai. A watan Mayu, cikin hazo, King George V ɗin nan da Ashanti ya ji ciwo wajen share mata hanya, ta taka Punjabi ta raba shi biyu. A wannan hanya Ashanti ya yi ta kai da kawowa, shugabansa kuwa a lokacin Kwamanda Richard Onslow ne, wanda daga baya ya zama Admiral.

A watan Agusta na 1942 aka ɗauko shi daga ƙanƙara aka kai shi Bahar Rum. A tsakiyar wannan teku akwai wani ɗan tsibiri, Malta, wanda ke hannun Ingilishi. Daga nan jiragensu ke tare kayan da a ke kai wa Janar Rommel a Libiya, saboda haka Jamus da Italiya suka yi wa tsibirin zobe, suka hana abinci da mai shiga, har yunwa ta kusa sa su ba da gari. Ingilishi suka haɗa ayari na jiragen kaya 14, cikinsu da wani jirgin mai, Ohio, wanda aka aro daga Amurka, suka ba su rakiya irin wadda ba a saba gani ba. Ayarin ya wuce Jibralta ran 10 ga wata. Kashegari aka nutsar da Eagle, ɗaya daga cikin masu goyon jiragen sama.

Akwai wani ƙunci tsakanin Tunis da tsibirin Sisili inda manyan manuwa ba su iya shiga, dole su juya. Daga nan sai kuruza huɗu da distiroya 12 suka ci gaba da ayarin. Madugunsu Admiral Harold Burrough ne, jirgin da ya ke ciki kuwa kuruza ne mai suna Nigeria. Ran 12 ga wata da magariba, wani jirgi mai nutso na Italiya, Axum, ya saki tofido huɗu, ya sami jirage uku: Nigeria, da Cairo, da Ohio. Cairo bai tashi ba. Nigeria ya karkata, mutum 52 suka mutu a cikinsa, ba dama ya ci gaba. Sai Ashanti ya matso gefensa, Admiral da hafsoshinsa suka tsallaka, aka ɗaga tutarsa a kan Ashanti. Watau Nijeriya ta ji ciwo, Tonawa suka karɓi madugu.

Wannan dare ya yi muni. Nigeria da Cairo su ne masu na'urar magana da jiragen saman da ke zuwa daga Malta, da aka rasa su sai ayarin ya zama ba mai kira masa taimako. Jiragen saman abokan gāba suka zo da almuru, ayarin ya watse. Da tsakar dare ƙananan kwalekwale masu inji suka fito daga bakin gāɓar Tunis, suka harbi kuruza Manchester da jiragen kaya huɗu. Daga kan ɗan ƙaramin jirgin nan Admiral Burrough ya yi ta ƙoƙarin tattara abin da ya saura. Da safe aka sake yi musu ruwan bom. Da la'asar ta 13 ga wata, da suka iso inda 'yan rakiyar Malta za su karɓa, Ashanti ya juya da madugu, ya sake bin wannan ƙunci ya koma Jibralta. Cikin jiragen kaya 14, biyar ne suka isa. Na ƙarshe shi ne Ohio, wanda ya shiga tashar ran 15 ga Agusta, ruwa ya kusa shanye shi, distiroya biyu na tallafe da shi dama da hagun. Man da ya kawo ya sa jiragen Malta suka ci gaba da tare kayan Rommel, a farkon watan Nuwamba kuwa aka karya shi a El Alamein. Nigeria ya kai kansa Jibralta, aka wuce da shi Amurka aka gyara, ya koma yaƙi. A 1957 ya zama na Indiya, aka sake masa suna Mysore.

Bai fi wata guda ba Ashanti ya koma ƙanƙara. A watan Satumba ya raka ayari na jirage 40 zuwa Rasha, aka rasa 13, sa'an nan ya juyo da wani ayarin mai komowa gida. Ran 20 ga wata man Ashanti ya yi ƙasa saboda farautar wani jirgi mai nutso, sai suka yi musanyar wuri da Somali, ya matsa ciki don ya sha mai. Somali bai daɗe da tsayawa a gurbinsa ba tofido ya same shi a ɗakin inji. Da ba a yi musanyar nan ba, wa ya san wanda za a samu? Aka kwashe yawancin mutanen Somali, aka bar waɗansu a ciki, Ashanti ya ɗaura masa igiyar ƙarfe ya shiga jansa zuwa tsibirin Aisilan. Har wayar lantarki suka miƙa masa, don famfunan da ke kwarfe ruwa su yi aiki. Kwana huɗu suna tafe a hankali, sun ci mil fiye da 400, har an fara sa rai. Sai hadari ya taso da dare, da iska da ƙanƙara, Somali ya karye biyu ya nutse. Mutum 35 kaɗai aka iya tsamowa, sauran ruwa ya ci su. Cikin wannan wata kuma aka nutsar da Zulu da Sikh a Tobruk. Da Somali ya tafi, 12 ke nan daga cikin 16. Saura huɗu: Ashanti, da Nubian, da Eskimo, da Tartar. Waɗannan huɗu kuwa su ne suka ga ƙarshen yaƙin.

A watan Nuwamba na 1942 Ashanti na cikin masu gadin rundunar Ingila da Amurka da ta sauka a Aljeriya. Ya yi watanni a Bahar Rum, ya koma hanyar Rasha a ƙarshen 1943. A farkon 1944 aka kai shi Plymouth, a kudancin Ingila, aka haɗa shi da jiragen Kanada irinsa, su Haida da Huron da Athabaskan, da kuma na mutanen Folan. A nan ne ya sami aikin da aka ƙera shi dominsa tun asali, watau karo da jiragen ruwa igwa da igwa. Ana shirin ƙetarawa Faransa, dole a share jiragen Jamus daga mashigin da ke tsakani. Da daren 25 ga Afril suka gamu da uku a bakin gāɓar Faransa, suka nutsar da ɗaya mai lamba T29. A hanyar komowa Ashanti da Huron suka yi karo, suna wurin gyara aka nutsar da Athabaskan bayan kwana uku.

Ran 6 ga Yuni 1944 aka sauka a Normandi. Da daren 8 ga wata jiragen Jamus huɗu suka fito daga tashar Brest, nufinsu su fāɗa wa jiragen da ke kai soja da kaya. Distiroya 8 suka tare su cikin duhu. Aka yi ta ba ta kashi, Tartar ya kama wuta, wani jirgin Jamus mai lamba ZH1, wanda asalinsa na Holan ne suka ƙwace, ya tsaya cik cikin hayaƙi. Ashanti ya lallaɓo ya sakar masa tofido, ya cire masa goshi, mutanensa suka ƙarasa shi da kansu suka fāɗa ruwa. Haida da Huron suka kori wani, Z32, har ya hau kan duwatsu. Sauran biyu suka gudu Brest. Daga ranar jiragen Jamus na wannan sashe ba su ƙara yunƙurin zuwa Normandi ba. A watan Agusta Ashanti ya sake shiga wani faɗan dare kusa da tsibirin Yeu, inda aka tarwatsa wani ayarin Jamus.

Wannan shi ne kusan ƙarshen aikinsa. Shekara biyar na gudu cikin ƙanƙara da zafi, ga raunin duwatsun Sunderland, duk sun gajiyar da shi. Aka kai shi gyara, kafin ya sake fitowa yaƙi ya ƙare, aka ajiye shi. A 1948 aka yi gwaje-gwaje a kansa a wani lungun teku a Sikotilan, don a ga yadda jikin jirgi ke jure ɓarna. A 1949 aka sayar da shi, aka farfasa shi a garin Troon, ba nisa da inda aka ƙera shi. Abin da Jamus da Italiya suka kāsa, masu sayen tsohon ƙarfe suka yi.

Sunan dai bai mutu tare da shi ba. A 1961, shekara huɗu bayan Gana ta sami mulkin kai, Ingilishi suka fito da wani sabon jirgi suka sa masa Ashanti. Wannan an yi shi ne musamman don ƙasashen zafi, har da na'urar sanyaya ɗaki a ciki, ya kuwa yi aiki a Tekun Fasha, inda Ingilishi ke da sansani a Bahrain, suna kuma riƙe da tsaron Katar bisa ga alkawarin 1916. A 1971 suka janye daga can, Katar ta sami 'yancinta ran 3 ga Satumba. Dogayen benayen unguwar West Bay da ke Doha, duk bayan wannan aka yi su, a kan filin da aka cike daga teku. Shi kuwa Ashanti na biyu, a 1988 aka mai da shi abin gwajin harbi, aka nutsar da shi.

In an tambayi Tonawan da suka hau jirgin farko a Takoradi, da sun ce layunsu ne suka yi aiki. Maƙeran Dumbarton su ce ƙarfensu ne, matuƙa su ce gwanintar Onslow ce. Bahaushe kuwa cewa zai yi, mai nisan kwana ko cikin turmi aka sa shi a kan daka gefe. Abin da ba gardama a kansa shi ne lissafi: jirage 16 aka ƙera, 12 suna ƙarƙashin teku tun daga Norwe har Tobruk, wanda Asantehene ya ba garkuwa kuwa yana cikin huɗun da suka komo gida.